Daga Ɗiban Gwamna Zuwa Ɗan Kwantiragi: Tarihin Haƙƙin Ma'aikacin Wucin Gadi a Najeriya

 Ga waɗanda suka fi son karatu, ko data ta yi musu tsada, ga shirin wannan makon a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar ma'aikacin wucin gadi za mu yi. Kowa a cikinmu ya san shi, wataƙila ma kai da kake karantawa kai ne shi. Shi ne matashin da ke sammako ya tsaya a ƙofar masana'anta a Sharaɗa ko Challawa, yana jiran a nuna shi da yatsa a ce ya shiga. Ita ce wadda ke zaune a kantar banki tana ƙirga miliyoyi, katin da ke wuyanta da tambarin bankin, amma albashinta daga wani kamfani daban yake fitowa. Shi ne mai shara da ya shekara bakwai a wuri ɗaya, har yau ana ce masa ɗan kashuwal. Tambayar da za mu bi ita ce: wane haƙƙi doka ta ba wannan mutumin, kuma ta yaya aka zo nan?

Abin da nake so mu lura da shi tun daga farko shi ne, sau da yawa aikin na dindindin ne. Mutumin da ke yin sa ake liƙa wa sunan wucin gadi, don kada sunansa ya shiga littafin mai aiki. Idan sunanka ba ya littafi, to ranar da ka ji ciwo, ko aka ce ka tafi, babu wanda doka za ta kama. Wannan dabarar ta haura shekara ɗari a ƙasar nan, kuma inda za mu fi ganin ta fili shi ne filin haƙar kuza na Jos. To, bari mu fara daga can.

Mutanenmu sun san kuza tun kafin zuwan Bature. Maƙeran Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narka ta, fatake suna yawo da ita kasuwa-kasuwa. Ganin ta a kasuwa ne ya sa Turawan kamfanin Neja suka bi sawu a farkon shekarun 1900, har suka dangana da tsaunukan Filato. Kafin a cika shekara goma, kamfanoni barjak sun yi rajista a Landan suna neman fili. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Jos da Bukur, a 1927 kuma babban layi ya shigo ta Kafanchan. Duk don a fitar da kuza zuwa bakin teku.

Amma fa a wancan lokacin ba injina ne ke yawancin aikin ba. Diga ce da shebur da kwanon sarki. A haƙa ƙasa, a ɗora a ka, a kai inda ake wanke ta da ruwa, kuza ta kwanta a ƙasa saboda nauyinta. Aiki ne mai cin hannu dubbai. To ina za a samo waɗannan hannuwan, alhali kowa yana da gonarsa?

Haraji ne ya warware musu wannan matsala. Gwamnatin mulkin mallaka ta ce haraji da kuɗin Bature za a biya, sule da sisi da kwabo. Manomi yana da hatsi a rumbu, amma ba shi da sule. Saboda haka da an gama kaka sai ya ɗaura ɗan kayansa ya tafi cin rani barikin kuza. Ya yi makonni, ya haɗa kuɗin haraji da ɗan abin sayen tufa, kafin ruwan farko ya juya gida. Daga ƙasar Kano ake zuwa, da Zazzau, da Bauchi, da Barno, da Sakkwato, har da mutanen ƙasashen da Faransa ke mulka a arewa da mu. Su kuma ’yan ƙasa irin su Birom, ga gonakinsu sun tafi a ramin kuza, ga haraji, dole su ma suka shiga, har mata da yara suna ɗaukar kwano.

Yanzu ku duba yadda aka tsara ma'aikatan, don nan ne gundarin maganar. Akwai ’yan kamfani na sosai, malaman ofis da makanikai da kafintoci, waɗanda sunansu ke cikin littafi. Su kaɗan ne. Sai babban rukuni, leburori da ke ƙarƙashin heluma. Kamfani ba ya ma'amala da lebura kai tsaye. Da heluma yake magana: ga ƙasar da za a kwashe, ga kuɗinta. Heluma ya tara mutanensa, ya sa su aiki, ranar biya ya karɓa ya raba, bayan ya cire nasa. Sai rukuni na uku, ’yan tiribita. Su waɗannan a filin kamfani suke haƙa, kamfanin kaɗai za su sayar wa, a kan farashin da shi ya yanka, a sikelinsa. Idan ka wuni ba ka samu komai ba, asararka ce. A takarda kai mai zaman kanka ne, a zahiri kuwa kamfani kake wa aiki.

Kun ga ribar kamfani a nan? Ba ya ciyar da iyalin lebura, gonar ƙauye ce ke ciyar da su. Idan lebura ya yi rashin lafiya, gida zai koma a yi jinyarsa. Idan ya tsufa, ’ya’yansa ne fanshonsa. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi. Ga kuma caca da bashi a bariki, waɗanda ke cinye ɗan abin da aka samu, har mutum ya zarce lokacin da ya ɗebar wa kansa.

Ranar da wannan tsari ya nuna ainihin fuskarsa ita ce lokacin da kasuwar duniya ta rushe a 1929. Farashin kuza ya faɗi warwas. A 1931 manyan masu fitar da ita, wato Malaya da Bolibiya da tsibiran da yau ake kira Indonesiya da Najeriya, suka yi yarjejeniyar rage haƙa don farashi ya farfaɗo. Kamfanoni sun kare kansu. Leburori dubbai kuwa aka ce babu aiki, shi ke nan. Babu kuɗin sallama, babu notis, domin a idon doka ba a taɓa ɗaukar su aiki na dindindin ba balle a ce an kore su. Haraji kuma bai fasa zuwa ba.

A daidai wannan lokacin ne doka ta fara motsi daga waje. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, ta fitar da yarjejeniya mai lamba 29 a 1930 a kan aikin tilas. Birtaniya ta amince da ita a 1931, a 1933 kuma aka yi doka a Najeriya a kan haka. Yarjejeniyar ta hana a tilasta wa mutum aiki don amfanin kamfani mai zaman kansa. Magana ta yi daɗi. Sai dai an bar ƙofa a buɗe: idan akwai halin gaggawa, kamar yaƙi, wannan ba ya cikin abin da aka hana.

Ta wannan ƙofar aka shigo a Yaƙin Duniya na Biyu. Japan ta mamaye Malaya, Singafo ta faɗi a watan Fabrairun 1942, Ingila ta rasa inda take samun mafi yawan kuzarta. Ga shi da ita ake liƙe gwangwanin abincin soja da haɗa kayan yaƙi. Sai Landan ta juyo kan Najeriya ta ce a ƙara haƙa ko ta halin ƙaƙa. Gwamna Bernard Bourdillon ne ke kan mulki. Aka yi dokar yaƙi ta tilasta aiki a filin kuza, aka yanka wa kowane lardi adadin mutanen da zai kawo. Umarni ya sauko daga Razdan zuwa En'e, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Mutane suka raɗa wa abin suna ɗiban gwamna.

To, idan aka ce wa dagaci ya kawo mutum goma, wa kuke jin zai bayar? Ɗan mai kuɗi yana da hanyar fansar kansa. Talaka da baƙo da marar gata su ne ke cika lissafi. Ana kai mutum na kimanin wata huɗu, sannan a kawo wani rukunin. Tsakanin 1942 da 1944 an ɗebi mutum kusan 100,000. Aka zuba su a bukkokin da ba su ishe su ba, abinci ya yi ƙaranci, ga sanyin Filato da mutumin kwarin Binuwai ko na Sakkwato bai saba da shi ba. Cututtuka suka ɓarke. Wurin da ya fi ƙaurin suna shi ne aikin madatsar ruwa ta Tenti. Ɗaruruwa sun mutu, dubbai sun gudu sun kama hanyar gida a ƙafa. Kuma ku tuna, filayen nan na kamfanoni ne masu zaman kansu, masu raba riba a Landan. An ta da maganar a majalisar dokokin Birtaniya, aka yi ta suka, a 1944 aka dakatar da tsarin.

Me ya sa na tsaya a kan wannan? Domin ɗan ɗiban gwamna shi ma ma'aikacin wucin gadi ne, na wata huɗu. Dokar da za ta kare shi tana nan a rubuce tun shekara tara kafin a ɗebe shi. Sakin layi ɗaya na togaciya ya cinye ta. Ku riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da togaciya a gaba.

A waɗannan shekarun dai aka kafa tubalin dokokin ƙwadago na ƙasar nan. A 1938 aka yi dokar da ta halatta ƙungiyoyin ma'aikata. A 1941 aka yi dokar biyan diyya ga wanda ya ji rauni a wurin aiki. A 1945 aka yi kundin dokar ƙwadago, kuma a shekarar ce ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari na fiye da mako shida a kan tsadar rayuwa, wanda sunan Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa ya fito a cikinsa. Amma waɗanda suka fi cin moriyar wannan su ne masu zama a wurin aiki shekara da shekaru, irin ma'aikatan reluwe da gidan waya. Mutumin da ya zo mako shida ya tafi, yaushe zai shiga ƙungiya, yaushe zai biya kuɗin wata, yaushe zai tsaya bin ƙara?

Bari mu ɗan sauka kudu, don mu ga cewa matsalar ba ta Jos kaɗai ba ce. A Inugu akwai mahaƙar kwal, ita kuma ta gwamnati ce. Can akwai wani tsari da ake rubuta sunayen ma'aikata fiye da waɗanda ake buƙata. Kowa ya zo da safe, a zaɓi na zaɓa, sauran su koma gida ba ko kwabo. Wato sunanka yana nan, amma aikin yau ba tabbas. Ma'aikata sun yi imanin suna bin bashin kuɗin irin waɗannan ranakun, kuma wannan na cikin abin da ya hura rikicin 1949. Suka shiga jan ƙafa a wurin aiki, hukuma ta sallami wasu, suka ƙi fita daga ramin. Ranar 18 ga Nuwamba 1949, ’yan sanda suka je kwashe nakiyoyi a mahaƙar Iva, aka buɗe wuta, ma'aikata 21 suka mutu, wasu gwammai suka ji rauni. Wannan kisan ya girgiza ƙasa, ya ƙara wa neman ’yancin kai wuta.

An samu ’yanci a 1960, amma ɗan biyan yini yana nan. Gwamnati da kanta ce babbar mai amfani da shi, a ma'aikatar ayyuka da reluwe da tashar jiragen ruwa. Mutum ya shekara goma yana gyaran hanya, lissafinsa na kullum-kullum ne, ba fansho ba garatuti. Da aka kafa kwamitin Mai Shari'a Morgan a 1963 don duba albashi, cikin abin da aka ɗora masa har da duba yiwuwar soke tsarin biyan yini da kafa mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Jan ƙafar gwamnati a kan rahoton ne ya jawo yajin aikin gama-gari na watan Yunin 1964. Kun ga ashe kukan da ’yan kashuwal ke yi yau, kakanninsu sun yi shi a gaban kwamiti shekara sittin da suka wuce.

Yanzu mu zo kan dokar da ke aiki har gobe, Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda aka yi zamanin Janar Yakubu Gowon. Ina roƙon ku natsu a nan, don akwai abin ɗauka.

Na farko, wa dokar ke kira ma'aikaci? Sashe na 91 ya ce duk wanda ya ƙulla yarjejeniyar aiki da wani, aikin ƙarfi ne ko na malamin ofis, a rubuce aka yi ko da baki, a fili aka faɗa ko a aikace aka fahimta. Ba ta ce sai na dindindin ba. Cikin waɗanda ta cire akwai masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru, su yarjejeniyarsu ce ke magana. Saboda haka "ai ba mu ba ka takarda ba" ba ya fitar da lebura daga inuwar doka.

Na biyu, sashe na 7. Ya ce kafin ma'aikaci ya wuce wata uku da fara aiki, dole mai aiki ya ba shi takarda mai ɗauke da sunan mai aikin, da sunan ma'aikacin, da irin aikin, da yawan lada da lokacin biya, da awannin aiki, da hutu, da abin da za a yi idan ya yi rashin lafiya, da notis ɗin rabuwa. A nan akwai wata fahimta da ta yaɗu, cewa wai da ka cika wata uku ka zama na dindindin. Sashen bai faɗi haka ba. Takarda ya wajabta. Amma takardar nan ita ce sunanka a littafi, shi ya sa wasu masu aiki ke tsoron ta. Daga nan aka samo dabarar sallamar mutum kafin ya cika wata uku, a ce ya huta kwana biyu ya dawo a matsayin sabo.

Na uku, notis. Sashe na 11 ya ce wanda ya yi wata uku ko ƙasa da haka, notis ɗin kwana ɗaya. Wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Akwai hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki da cikakken biya ga wanda ya yi wata goma sha biyu a jere, da hutun rashin lafiya har kwana goma sha biyu a shekara idan likita ya tabbatar. Sashe na 17 kuma ya ce idan ma'aikaci ya zo wurin aiki lafiyarsa lau aka kasa ba shi aiki, to a ƙa'ida a biya shi ladan ranar, sai a wasu halaye da dokar ta ware. Ku tuna da mutanen Inugu da ake mayarwa gida hannu rabbana. Haka kuma duk mai sana'ar samo wa kamfanoni ma'aikata sai da lasisin gwamnati.

To, idan doka ta tanadi wannan duka, me ya sa ’yan wucin gadi suka ƙaru maimakon su ragu? Amsar tana cikin shekarun 1980. Kuɗin mai ya ja baya, kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, abin da ya rage a Filato sai tafkunan da ramuka suka zama. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu da aka fi sani da SAP. Naira ta faɗi, masana'antu suka rage ma'aikata, gwamnati ta rage ɗauka. Masu neman aiki suka ninka guraben da ke akwai. A irin wannan kasuwa, mai aiki ne ke yanka sharaɗi.

Sai heluma ya dawo, amma wannan karon da kwat da ofis da rajistar kamfani. Kamfanin mai, ko banki, ko kamfanin sadarwa, ba zai ɗauke ka ba. Zai ba wani kamfanin samar da ma'aikata kwangila, shi ya ɗauke ka ya turo ka. Wurin aikinka ɗaya da na dindindin, shugabanku ɗaya, aikinku ɗaya, albashinka bai kai nasa ba, ba ka da hanyar ƙarin girma. Idan matsala ta taso, babban kamfani ya ce ba ma'aikacinsa ba ne kai, ƙaramin ya ce shi ma umarni yake bi. Ɗan tiribita ma ya dawo: shi ne wanda ake ce wa abokin hulɗa ko ejan, ana biyan sa kamasho, ba shi da ikon yanka farashi, amma duk asara tasa ce.

Ƙungiyoyin ma'aikatan mai, NUPENG da PENGASSAN, sun daɗe suna faɗa da wannan. Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, NLC, a zamanin shugabancin Adams Oshiomhole, ta riƙa zuwa ƙofar kamfanoni tana tare hanya a farkon shekarun 2000 a kan maganar kashuwal. A watan Satumban 2002 gobara ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, ma'aikata gwammai suka ƙone, rahotanni suka ce an kulle ƙofofi a kansu. Har yawan waɗanda suka mutu sai da aka yi ta jayayya a kai. Inda ba a ajiye sunan mai rai ba, ƙirga mamaci ma wuya yake yi.

Gyara mafi girma ya zo ne a 2010, ta hanya biyu. Ta farko ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010. Wannan dokar ta ambaci ɗan wucin gadi da sunansa. Ta ce ma'aikaci ya haɗa da na dindindin, da na ɗan lokaci, da mai koyon sana'a, da ɗan kashuwal, har da ɗan aikin gida da ba dangin mai gida ba. Mai aiki ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, kuma haramun ne ya cire wannan daga ladan ma'aikaci. Idan inji ya cinye maka yatsu, ko ka yi haɗari a hanyarka ta zuwa aiki ko komawa gida, ko aikin ya jawo maka cuta, akwai diyya. Idan rai ya yi halinsa, iyali ne ke da haƙƙi. Amma akwai wa'adi: a sanar da mai aiki cikin kwana 14, shi ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Kuma ko an sa ka sa hannu cewa ka yafe wannan haƙƙin, dokar ba ta san da wannan yafiyar ba.

Hanya ta biyu ita ce gyaran tsarin mulki na uku, wanda ya ɗaga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, da aka kafa tun 1976, zuwa sahun manyan kotuna, ya ba ta ikon sauraron duk wata shari'ar aiki, da damar duba yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya. Tana da rassa a garuruwa irin su Kano da Kaduna da Jos. Wannan kotun ta sha nuna cewa abin da ke faruwa a zahiri take dubawa, ba sunan da aka rubuta a takarda kaɗai ba. Wa ke ba ka umarni? Wa ke tsara lokacinka? Wa ke iya korar ka? A wasu shari'o'in ta ɗora alhaki a kan kamfanoni biyu tare. Ta kuma daɗe da yanke cewa ɗan wucin gadi yana da ’yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, ’yancin da sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum.

Sai dai togaciyar da na ce ku riƙe tana nan da ranta. Ku duba dokar mafi ƙarancin albashi. An fara ta a 1981 zamanin Shehu Shagari da naira 125. A 2019 ta kai naira 30,000, a 2024 ta koma naira 70,000. Amma dokar ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin ɗan lokaci, da waɗanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin da ke bin yanayin shekara kamar noma. Ku sake karanta jerin nan. Ɗan cin rani ne, da ɗan tiribita, da yaron shago. Mutanen da suka fi buƙatar dokar su ne ta tsallake. Ga kuma ƙarancin jami'an duba wuraren aiki, ga tsadar lauya, ga shari'a mai cin shekaru, ga tsoron cewa idan ka buɗe baki akwai mutum hamsin a bakin ƙofa suna jiran gurbinka.

To me tarihin nan ya koya mana da za mu iya amfani da shi gobe da safe? Abu na farko, tun daga barikin kuza har yau, wanda ba shi da shaida shi ake cuta. Saboda haka ka zama mai rubuta littafinka da kanka. Ka ajiye ranar da ka fara aiki. Ka ajiye katin shaida, da saƙon banki na shigowar albashi, da saƙonnin WhatsApp da ake ba ka umarni, da hoton rajistar da kake sa hannu. Idan hannu da hannu ake biyan ka, ka riƙa rubutawa. Ka san cikakken sunan kamfanin da ya ɗauke ka da wanda kake yi wa aiki. Idan ka ji rauni, ka je asibiti a rubuta, ka sanar da mai aiki a rubuce kafin kwana 14 su cika. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ko da an ce sharaɗin karɓar kuɗinka ne. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofis a jihohi, ana kai ƙorafi can kafin a kai ga kotu.

Abu na biyu, babu wani haƙƙi a cikin waɗanda na lissafa da mutum ɗaya ya samo shi kaɗai. Na 1945 da na 1964 da na 1981, duk taron ma'aikata ne ya matsa. Ɗan wucin gadi shi ya fi kowa wahalar haɗawa, kuma masu aiki sun san haka tun zamanin heluma. Amma yau mutum talatin da ke aiki wuri ɗaya suna iya haɗa kansu a waya ɗaya, su san nawa ake biyan kowa, su nemi ƙungiyar da ke kula da sana'arsu. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Abu na uku na masu ɗaukar aiki ne a cikinmu, don na san akwai masu shago da masu gidan burodi da ’yan kwangilar gini da ke bin shirin nan. Yaron da ke maka aiki ba tare da takarda ba, idan ya faɗo daga bene, doka ta san shi ma'aikacinka ne, addini ma ya san haka. Rubuta yarjejeniyar shafi ɗaya ba ta cin komai, kuma kai ma tana kare ka.

A nan za mu dakata. Ina so in ji daga gare ku: a garinku, wane suna ake kiran ɗan wucin gadi da shi? Akwai wanda kakansa ya je kuza, ko aka ɗebe shi zamanin yaƙi, ya bar labari a gida? Ku rubuto mana, amma don Allah kada a ambaci sunan mutum ko na wurin aikin da ake ciki yanzu, kada magana ta ja wa wani asarar abincinsa. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya ba mu halali mai albarka.